Tambaya da Amsa: Naman Sa Tsakanin Furun da Tukunya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo jar tsoka ta cinyar sa, kilo ɗaya da rabi, na sa a furun (wato oven) a kan digiri 220 har awa biyu saboda baƙin maigida. Bayan naman ya ƙone, cikinsa ya bushe, tauna sai ka ce ƙirgi. A ina na kuskure? Uwargida, Jarwal, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuskuren tun a gaban mahauci ya faro. Cinya tsoka ce zalla, ba kitse ba jijiya, kuma da zarar zafin cikinta ya haura digiri 70 sai ta takure ta matso ruwanta waje. Daga nan ko kwana za ta yi a wuta ba za ta yi laushi ba. Naman da ke son doguwar dahuwa shi ne wanda ake yawan rainawa: kafaɗa, wuya, ƙirji, da ƙauri, wanda mahautan nan ke kira mauza. Farar jijiyar da ta ratsa su ita ce amfaninsu. Idan ta daɗe a sassauƙan zafi tare da ɗan ruwa, narkewa take yi ta koma danƙo. Danƙon nan ne ke sa romon ƙauri ya daskare in ya huce, shi ne kuma ke sa nama ya saki jiki.

Ki nemi kafaɗa kilo ɗaya da rabi. Tun da dare ki shafe ta da gishiri giram 15, wato ƙaramin cokali biyu da rabi, ki sa a firij ba rufi. Washegari ki goge ta ta bushe sarai. Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi da mai babban cokali biyu, in ya yi zafi sosai ki soya kowane gefe minti 4 har ya yi ja mai duhu. Kada ki yi ta juyi. In ya soyu, da kansa zai saki gindin tukunya. Ki tsame shi, ki soya manyan albasa 3 da tafarnuwa da citta, ki jefa masoro, kanumfari 4, sandar kirfa da lumi (busasshen lemun tsami) ɗaya da kika huda. Sai ki zuba ruwa kofi biyu, ki kankare ƙanzon da ya kama a ƙasa, domin ɗanɗanon romon a nan yake. Ki mayar da naman. Ruwan ya tsaya a sulusinsa, in ya shanye kansa kin koma farfesu. Ki rufe ruf, da murfi ko da kasdir (takardar alminiyom) ninki biyu, ki sa a tsakiyar furun a kan 150, awa 3 zuwa 3 da rabi, ki juya shi sau ɗaya.

A awa na biyu za ki taɓa ki ji shi da tauri. A nan ne mata da yawa ke karaya su ƙara wuta, su lalata aikin. Tsokar ce ta riga ta takure, jijiyar kuma ba ta gama narkewa ba, lokaci kawai take nema. Ya nuna idan cokali mai yatsu ya shige ya juya ba gardama. Ki bar shi minti 20 a cikin romonsa kafin wuƙa ta taɓa shi, ki kuma yanka a gicciye, kada ki bi tsawon zaren naman.

Tambaya: Mu huɗu ne a ɗaki, daskararren nama na kwali muke saya. Da mun zuba a mai sai ya tsatso ruwa, ya ƙi soyuwa, ya yi fari fat. Ma'aikaci, Jidda.

Amsa: Malam, ƙanƙara tana huda tsoka, shi ya sa naman ke zubar da ruwa in ya narke. Ku sa shi a kwano a matakin ƙasa na firij, kilo biyu na son yini da kwana. Kada ku bar shi a kan kanta cikin zafin Jidda, bayansa zai fara ɓaci tun cikinsa na dutse. In kuna sauri, ku ɗaure shi a leda ku nutsa a ruwan sanyi, kuna sauyawa duk rabin awa. Ku lura, ruwan famfo da ke saukowa daga tankin saman gida da rani ɗumi ne, sai an ƙara masa ƙanƙara. Bayan ya narke ku tsane shi, ku soya kaɗan-kaɗan, yanka ba ya taɓa yanka. Cika tukunya ke kashe zafin mai, nama ya koma dahuwa a ruwansa.

Ku duba rubutun kwalin ma. Wanda ya fito daga Indiya naman ɓauna ne, kitsensa kaɗan, ya fi dacewa da miya da farfesu a ƙaramar wuta.

Tambaya: Ina son yin tsire a gida, irin wanda Larabawa ke ce wa sairiyya, amma kullum ƙulin ƙonewa yake ya yi ɗaci. 'Yar uwarku, Madina.

Amsa: 'Yar uwa, a nan ne cinya ke da rana. Ki sa ta a firiza minti 40 ta ɗan ƙage, sai ki fere ta fale-fale, kaurin rabin santimita. Ga kilo ɗaya: dakakken ƙuli-ƙuli kofi ɗaya, garin citta babban cokali ɗaya, barkono gwargwadon bakin mutanen gidan, masoro da kimba kaɗan, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ki jiƙa tsinkayen rabin awa a ruwa. Ƙuli ba ya jure harshen wuta in yana bushe, don haka ki raba haɗin biyu. Rabi ki danna a jikin naman, ki yayyafa man gyaɗa har garin ya jiƙe, ki bar shi awa ɗaya a firij. Ki jera a kan raga, tire a ƙasa, ki kunna wutar saman furun, tazarar tafin hannu tsakaninta da naman, minti 5 zuwa 6 kowane gefe. Sauran rabin ki barbaɗa bayan kin sauke, da yankakkiyar albasa.

Muna roƙonki kada ki hura gawayi a cikin gida, tagogi a rufe, mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na aiki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa. In dai gawayi ne, a saman bene ko tsakar gida.

Tambaya: Kanwa ko tukunyar fresha (mai dahuwa da matsin tururi), wanne ya fi in ana sauri? Uwargida, Riyad.

Amsa: Fresha, Hajiya. Kanwa na laushi da nama, amma tana dusashe ɗanɗano ta sa shi santsi. Ƙauri kilo ɗaya na son minti 45 daga lokacin da tukunyar ta fara huci, a rage wuta. In kin kashe, ki bari tururin ya sauka da kansa, kamar minti 15. Sakinsa farat ɗaya na sa romo ya tafasa da ƙarfi, naman ya wargaje ya bushe.