Ku Tambaya Mu Amsa: Kiɗan B.B. King, blues ne ko jazz ko waƙar coci?

Tambaya: Salam, don Allah ina neman ƙarin bayani. Na ci karo da wani tsohon wasan B.B. King a YouTube, bayan shi mabusa ne reras kamar 'yan badujala, shi kuma yana rera waƙa kamar fasto na wa'azi. Wannan kiɗan blues ne ko jazz ne ko na coci? Kuma da wane faifai zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Blues ne, amma kunnenka bai yaudare ka ba, duka ukun suna ciki. Turawa na ce masa big band blues, wato blues ɗin babbar ƙungiya.

Asalin blues na baƙar fatar kudancin Amurka ne, mutum ɗaya da jitarsa, ya faɗi layi ya maimaita sannan ya rufe da na uku. Mabusan da ka gani kuma daga jazz suka fito. Tun wajen 1935 a Kansas City ƙungiyar Count Basie take buga blues da saksofon da turompet da turombon, Jimmy Rushing na waƙa a gaba, dole ya ɗaga murya sosai in ba haka ba bushe-bushen su danne shi.

Ni dai a ganina abin da ya fi ba kiɗan armashi shi ne ɓangaren coci. B.B. King an haife shi 1925 a jihar Mississippi kuma a coci ya fara waƙa tun yana yaro, a cocin baƙar fata kuwa fasto ba ya magana shi kaɗai, yana faɗa jama'a na amsawa. To wannan tsarin aka kwaso, sai mabusan suka koma 'yan amshi irin na mawaƙanmu. Ka sake kallon bidiyon ka lura, B.B. ba ya haɗa waƙa da kaɗa jita lokaci guda, sai ya ja layi ya yi shiru, jitar tasa da ya raɗa wa suna Lucille ta ba shi amsa, sannan mabusa su zo gaba ɗaya su rufe. Shi ma Bobby Bland, wani mawaƙin blues, gurnanin da yake yi a maƙogwaro daga wa'azin Rabaran C.L. Franklin ya koyo shi, mahaifin mawaƙiya Aretha Franklin kenan.

Kuma fa ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Da Ray Charles ya saki "I Got a Woman" a 1954, karin waƙar coci ya ɗauka ya zuba kalaman soyayya, masu zuwa coci da yawa suka ce ai wannan saɓo ne ƙarara.

Riƙe babbar ƙungiya mai mabusa da yawa haka kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne, albashi ga mota ga masauki, shi ya sa bayan yaƙin duniya na biyu yawancinsu suka watse. B.B. ya riƙe tasa ne da uban yawo, a 1956 kaɗai wasa 342 ya yi.

Batun faifai, fara da Live at the Regal da aka naɗa a Shikago a 1964, za ka ji yadda mata ke ihu suna mayar masa da magana. In ka gama sai ka nemi Two Steps from the Blues na Bobby Bland na 1961, shi ya fi sanyi, a nan ne za ka ji aikin mabusan da kyau.