Tambaya da amsa: Haɗa akwatin gilashi na kifi da teburin da zai ɗauke shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Tahoua, kuma yarana sun daɗe suna roƙona akwatin gilashi na kiwon kifin ado, wanda ake kira akwariyom. Ina so in haɗa shi da hannuna, tsawonsa mita 1, faɗinsa santimita 40, tsayinsa santimita 50. Mai yanka gilashi na unguwarmu ya ce gilashin taga na milimita 5 zai yi, kuma ina da teburin falo da nake son ɗora shi a kai. Shin hakan zai yiwu, kuma da wane gam zan haɗa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin mai yiwuwa ne ga duk mai haƙuri da tsabtar hannu, amma ina roƙonka kada ka yi amfani da gilashin milimita 5 a wannan awo, kada kuma ka ɗora akwatin a teburin falo. Zan fara da lissafin nauyi, domin shi ne yake yanke hukunci a kan gilashin da teburin baki ɗaya.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwatin da ka kwatanta zai ci kusan lita 200, gilashin da ya dace da shi zai kai kilo 45, kuma idan aka zuba yashi da duwatsu jimillar za ta wuce kilo 250, wato nauyin buhun siminti biyar da za su zauna wuri ɗaya dare da rana na tsawon shekaru. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ruwa yana tura bango kamar yadda yake danna ƙasa, kuma ƙarfin turawar yana bin zurfin ruwan ne. A akwatinka, gilashin gaba shi kaɗai zai riƙe turi na kimanin kilo 125, mafi yawansa daga ƙasa-ƙasa. Mai yanka gilashin bai yi nufin cutarka ba, ya saba ne da taga, wadda iska kawai take tarewa.

Idan ka nace a kan awon da ka zaɓa, sai ka nemi gilashin milimita 10, ka kuma liƙa masa siraran gilashi a bakin sama ta ciki, gaba da baya, don su hana shi bankarewa. Shawarata ga wanda zai yi aikin farko ita ce ya rage: tsawo santimita 80, faɗi 35, tsayi 40, da gilashin milimita 8. Wannan zai ci lita 112, turin da ke kan gilashin gaba ya sauko zuwa kilo 64, kusan rabin na farko, kuma nauyin duka bai wuce buhun siminti uku ba. Kifi ba zai ji rashin wancan santimita 10 na tsayi ba, domin abin da ya fi amfanarsa shi ne faɗin saman ruwa, inda iska take shiga.

Ga awon da za ka kai wa mai yanka, idan bangayen za su zauna a kan gilashin ƙasa. Na ƙasa 80 da 35, na gaba da na baya 80 da 40 kowanne, na gefe biyu kuma 33,2 da 40. Na gefe sun ragu ne saboda za su shiga tsakanin na gaba da na baya, don haka an cire kaurin gilashi sau biyu da milimita ɗaya a kowane ɓangare inda gam zai kwanta. Ka tsaya a kansa yana yankawa, ka haɗa na gefen biyu baya da baya ka shafa bakinsu da yatsa a hankali, domin bambancin milimita biyu ya isa ya karkatar da akwatin. A goge kaifin bakin da dutsen wasa wuƙa da ruwa. Gilashin da ya guntule a baki, ko tsohon da aka ciro daga taga, a bar shi, saboda daga irin wannan ƙaramin rauni tsagewa take farawa.

Gam ɗin shi ne silikon, amma ba kowane ba. Nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na akwatin kifi ne, ko kuma tsantsar silikon mai warin binegar idan an buɗe shi. Wanda ake sayarwa don bayi da madafa ana saka masa maganin hana funfuna, kuma wannan magani yana kashe kifi sannu a hankali. Duba kwanan watan da ke jikin robar, domin silikon da ya kwana biyu a shago cikin zafin ƙasarmu yakan ƙi bushewa. Idan ba ka samu a Tahoua ba, ka yi sautu daga Yamai, wajen masu kayan gini na kasuwar Katako.

Kafin liƙi, a goge duk bakin gilashin da alkol, kada kuma a sake taɓa wurin da yatsa, domin maiƙon hannu yana hana gam kamawa. Ka samu mai taya ka riƙo. Ka ja layin silikon ɗaya marar yankewa a gefen gilashin ƙasa, ka tsayar da na baya, sai na gefe, na gaba ya zo ƙarshe, kana riƙe kowace kusurwa da sikoci daga waje. Kada ka matse har gam ɗin ya fice duka, domin wannan siririn layi da ya rage tsakanin gilashi da gilashi shi ne yake riƙe da ruwan. Daga nan ka bi kusurwoyin ciki da wani layin, ka lailaye shi da yatsa sau ɗaya. Duk wannan ya ƙare cikin minti goma, tun kafin silikon ya yi fata, shi ya sa nake yin liƙi da sassafe a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Silikon da laimar iska yake bushewa, don haka a lokacin hunturu, da iskar Tahoua take bushe ƙayau, yakan daɗe fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Ba shi mako guda cur. Bayan haka ka cika shi a tsakar gida, a wuri mai daidai, da takarda shimfiɗe a ƙarƙashi, ya kwana uku kana dubawa. Idan ya yi yoyo, shafa sabo a kan tsoho ba ya magani, sai an kankare wurin da reza an sake.

Batun tebur shi ne inda na fi jin tsoro, domin a nan ni kaina na yi asara. Akwatina na farko a Yamai na ɗora shi ne a kan tebur mai kyan gani wanda wani kafinta ya yi mini da ɗanyen katako. Da hunturu ya shigo katakon ya bushe ya murɗe, kusurwa ɗaya ta sauka da abin da bai fi kaurin tsabar dala biyar ba, kuma wata rana da asuba na taka ruwa a falo, na tarar da gilashin ƙasa ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, kifayen suna birgima a kan yashi. Gilashi yana jure nauyin da ya kwanta daidai, amma ba ya jure murɗiya ko kaɗan.

Saboda haka ka nemi busasshen jan katako mai kaurin santimita 6 da 8, ka duba shi da ido ɗaya daga ƙarshe zuwa ƙarshe don ka tabbatar a miƙe yake. Kafinta ya haɗa firam biyu, na sama da na ƙasa, kuma ƙafafun su shiga ƙarƙashin firam ɗin sama, yadda nauyi zai sauka daga katako zuwa katako har ƙasa. Kada nauyin ya rataya a kan ƙusa da aka buga daga gefe, domin aikin ƙusa riƙe katako ne a mazauninsa. A rufe baya da gefe da falle na katako, saboda shi ne yake hana tebur yin rawa idan yaro ya jingina, kuma tunda don yara kake yi, kada tsayinsa ya wuce santimita 70. Saman ya zama falle mai kaurin milimita 18, shafaffe, wanda ya tallafi gindin akwatin gaba ɗaya ba tare da wani gefe ya leƙo ba. A shafa maganin gara da fenti mai hana ruwa har ƙarƙashin ƙafafu. Tsakanin katako da gilashi a shimfiɗa farin soson nan da ake cusawa a kwalin firji, kaurin santimita ɗaya, don kada ƙwayar tsakuwa ɗaya ta zama wurin da dukkan nauyin zai taru. A ƙarshe ka ari ma'aunin daidaito na magina, ka gwada tsawo da faɗi, idan daɓen ɗakin ne ya karkata a yi gyaran a ƙarƙashin ƙafar tebur, ba a ƙarƙashin gilashi ba.

Zaɓi wurin tun kafin ka zuba ruwa, domin ba a matsar da akwati cike. Ya yi nesa da taga da hasken rana, saboda a watannin Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, alhali yawancin kifayen ado sun fi jin daɗi tsakanin 24 da 28. Ƙaramar fanka da take hura saman ruwan tana rage zafin, sai dai za ka riƙa ƙara ruwan da ya ƙafe. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, don haka na'urar hura iska mai batir tana da muhimmanci a lokutan da aka ɗauke wuta. Ruwan famfo ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba, domin sinadarin kulorin ya fita.

Yara za su matsa maka a kawo kifi ranar da ruwa ya shiga. Ka kunna matatar ruwan, wato na'urar da take tace ruwan akwatin, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan, ka jira mako huɗu zuwa shida har ƙwayoyin halittar da ke narkar da kashin kifi su zauna a cikin matatar, sannan ka fara da ƙananan kifaye biyar ko shida. Ƴaƴan karfasa da tarwaɗa daga tabkin Tabalak za su ba yara sha'awa, amma cikin ƴan watanni za su fi ƙarfin lita 112, kuma tarwaɗa za ta cinye duk wanda ya shiga bakinta.