Yadda za ka gane aikin darakta

Malam, ka tambaya yadda za ka bambance ƙoƙarin darakta da daɗin labari. Kashe sauti, ka kalli fitowa ɗaya ta mutum biyu suna gardama. In ka gane wanda ya fi ƙarfi da wanda ke tsoro, daraktan ya iya.

Lura da kyamara kuma. Ƙa'idar digiri 180 ce: kyamara ta tsaya gefe guda na layin da ake ƙaddarawa tsakanin mutum biyun. In aka tsallaka, sai ka ga duka biyun suna duban waje ɗaya, kanka ya ɗaure. Amma gwajin kashe sautin bai cika kama barkwanci ba, don nauyinsa a baki yake.