Amsa: Range Rover ko Lexus GX 460?

Alhaji, barka da war haka. Ka ce kana son babbar mota ta alfarma wadda ba za ta riƙa kwana a gareji ba, kuma hankalinka ya rabu tsakanin Range Rover da Lexus GX 460. Ni dai GX zan ce ka ɗauka.

Lexus reshen Toyota ne, kuma GX 460, wadda aka yi daga 2010 zuwa 2023, ƙashin bayanta ɗaya da Prado. Saboda haka duk bakaniken da ya san Prado ba zai yi mata kallon baƙuwa ba, kayan ƙafarta da yawa kuma za ka same su a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Injinta V8 ne mai lita 4.6, yana da juriya matuƙar ana canza baƙin mai a kan lokaci. Sai dai fa tana shan fetur sosai, ka shirya wa wannan.

Range Rover ta fi ta daɗin zama, babu musu. Amma a kan jakar iska take tsaye, in ta fara yoyo sai ka wayi gari motar ta durƙusa gefe guda, gyaran kuma ba na kowane gareji ba ne.

Kafin ka biya, don Allah a duba lambar shasi a Carfax, shafin intanet da ke nuna tarihin mota, in daga Amurka ta zo, domin ana shigo da motocin da ambaliya ta ci. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa. A kuma duba saman injin, wasu GX ɗin sukan yi yoyon ruwan lagireto ta wajen.

Allah ya sanya alheri.