Amsa kan sallamar koci-koci da ƙaurar ƙungiyoyi a NFL

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce bana ka fara bin ƙwallon Amurka, sai ka ga ana gama wasannin kaka aka sallami koci-koci da dama a rana guda, wasu har da manajojinsu. Ka kuma ji cewa Raiders ta Las Vegas a da ta Oakland ce, shi ne kake tambaya yadda tsarin yake, da kuma ko ƙungiyar da mutum yake goya wa baya za ta iya wayar gari a wani birni. Za ta iya. Amma mu fara da maganar koci, don ita ce ke dawowa kowace shekara.

Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, kowacce tana buga wasa 17 cikin mako 18, daga Satumba zuwa farkon Janairu. Guda 14 ke wucewa zagayen sili-ɗaya-ƙwale, 18 su koma gida. Litinin ɗin da ta biyo bayan wasan ƙarshe ita ake kira Baƙar Litinin, ranar da masu ƙungiyoyi ke sanar da waɗanda suka sallama. Dalilin gaggawar kuwa kalanda ne. A ƙarshen Fabrairu ake taron auna ƙarfi da gudun 'yan wasan jami'a a Indianapolis, tsakiyar Maris a buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantaraginsu ya ƙare, ƙarshen Afrilu a yi daraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i mai zagaye 7. Ƙungiyar da ta shiga waɗannan matakai ba ta san irin salon da za ta buga ba, za ta sayi kayan da ba su dace da ita ba. Kuma babban koci ba shi kaɗai yake zuwa ba, yakan haɗa mataimaka wajen 20: mai tsara hari, mai tsara tsaro, mai kula da bugun ƙafa, da kocin kowane gurbi. Duk mako guda da aka ɓata, wasu sun kwashe na kirkin. Wannan ne kuma ya sa korar koci a tsakiyar kaka ba ta cika yin amfani ba kamar a Firimiya. Ba ka da ikon ɗauko ma'aikacin wata ƙungiya ana cikin kaka, sai dai ka ɗora ɗaya daga cikin mataimaka a matsayin riƙon ƙwarya har Janairu.

Kuɗin koci ba ya shiga cikin iyakar albashin da aka ƙayyade wa 'yan wasa, aljihun mai ƙungiya ne kawai ke jin sa. Kuma galibi ko an kore shi sai an biya shi ragowar kwantaraginsa. Carolina ta ba Matt Rhule shekara 7 a kan dala miliyan 62 a 2020, ta sallame shi a Oktoban 2022 da sauran shekaru a gaba. Abin da ke rage wa ƙungiya nauyi shi ne wani sharaɗi da ake sakawa, cewa idan kocin ya sami sabon aiki za a cire sabon albashinsa daga abin da yake bin tsohuwar ƙungiyarsa, kuma Rhule bai daɗe ba ya karɓi aikin Jami'ar Nebraska. Idan kuwa kocin da kake so yana da kwantaragi da wata ƙungiya, sai ka biya diyya da damar zaɓe a daraf. A 2002 Tampa Bay ta ba Raiders zaɓen zagayen farko biyu, na zagaye na biyu biyu, da dala miliyan 8 a kan Jon Gruden, kuma a kakarsa ta farko ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, Raiders ɗin ma ya doke. Denver ta yi irin haka a 2023 don samun Sean Payton daga New Orleans.

Neman sabon koci yana da ƙa'idoji a rubuce. Ana tura takardar neman izini ga ƙungiyar da mutumin yake wa aiki. Idan ƙarin girma ne, kamar daga mataimaki zuwa babban koci, ba ta da ikon hanawa. Idan matsayi ɗaya ne, tana iya ƙi. Wanda ƙungiyarsa ke cikin sili-ɗaya-ƙwale ana iya ganawa da shi ta bidiyo a wasu ranaku da aka ware, amma ba zai sa hannu ba sai an fitar da ƙungiyarsa ko an gama Super Bowl. A nan ake samun cikas. A Fabrairun 2018 Indianapolis ta jira Josh McDaniels na New England har aka gama Super Bowl, ta sanar da ɗaukarsa, wasu mataimakan da ya zaɓa ma sun riga sun sa hannu, sai ya ce ya fasa. Dole ta sake neman koci a lokacin da kasuwa ta watse. Ta yi sa'a ta samu Frank Reich, amma ba kowa ke yin wannan sa'ar ba.

Sai dokar Rooney, wadda aka kafa a 2003 da sunan Dan Rooney mai Pittsburgh Steelers. Yanzu tana wajabta wa ƙungiya ta gana da aƙalla mutum biyu daga waje, cikin baƙar fata da sauran tsirarun ƙabilu ko mata, kafin ta naɗa babban koci. A shekarar farko aka ci tarar shugaban Detroit Lions dala 200,000 saboda ya ɗauki koci bai bi dokar ba. Daga 2020 an ƙara da lada: ƙungiyar da ta raini irin wannan ma'aikaci har wata ta ɗauke shi babban koci ko babban manaja, za a ba ta ƙarin zaɓen zagaye na uku shekara biyu a jere. Manufar dokar mai kyau ce, amma tana da rauni, domin ganawa take tilastawa, ba ta iya hana mai ƙungiya yanke shawara a ransa tun kafin a zauna. A kan wannan zargi Brian Flores, tsohon kocin Miami, ya kai NFL da wasu ƙungiyoyi kotu a Fabrairun 2022.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin shi ne mafi yawan masu kallo ba sa lura da shi. Idan ka ji an naɗa sabon koci, tambayar farko ita ce wa ke da maganar ƙarshe a kan 'yan wasa 53 da za a shiga kaka da su, kuma wa ke zuwa gaban mai ƙungiya kai tsaye. A yawancin ƙungiyoyi babban manaja ne ke zaɓe a daraf, shi ke ƙulla kwantaragi, masu farautar 'yan wasa a ƙarƙashinsa suke. Koci kuma ya horar da abin da aka ba shi. A wasu wurare koci ne ke riƙe da duka biyun, kamar yadda Bill Belichick ya yi shekara 24 a New England. Kowane tsari yana iya aiki. Wanda ba ya aiki shi ne a haɗa manajan da kujerarsa ke rawa da sabon kocin da aka ba shekara biyar. Manajan zai kashe kuɗi da damar daraf don ya tsira bana, kocin kuma yana son a yi gini a hankali, daga nan sai kowa ya fara kai ƙarar ɗan'uwansa wajen mai ƙungiya. San Francisco ta guje wa wannan a 2017, ta ɗauki John Lynch da Kyle Shanahan tare, kowanne shekara 6. Sun ci wasa 6 a kakar farko, 4 a ta biyu, ba wanda aka taɓa, a ta uku suka kai Super Bowl. Washington ma bayan Josh Harris ya saye ta a 2023, ta ɗauki manaja Adam Peters a Janairun 2024, shi ya taya neman koci Dan Quinn, su biyun suka zaɓi Jayden Daniels a daraf, wanda kwatabak ne, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo. Jerin da ya kamata ke nan: manaja, koci, sannan kwatabak.

Chicago Bears kuwa ta juya jerin har sau uku. Ta zaɓi kwatabak Mitchell Trubisky a 2017, ta kori kocinsa John Fox a ƙarshen kakar. Ta zaɓi Justin Fields a 2021, ta kori Matt Nagy da manaja Ryan Pace a Janairun 2022. Ta zaɓi Caleb Williams a 2024, ta kori Matt Eberflus tun a Nuwamba. Illar wannan ga matashin kwatabak ba ƙarama ba ce. A cikin wasa, tsakanin yunƙurin hari ɗaya da na gaba daƙiƙa 40 ake bayarwa. Koci yana faɗa masa tsarin da za a buga ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, ana yanke maganar idan saura daƙiƙa 15. Cikin wannan ɗan lokaci zai maimaita doguwar jimla ga abokansa 10, ya jera su, ya karanta tsayuwar masu tsaro, ya canza tsari in da buƙata. Sabon koci yana zuwa da sababbin kalmomi gaba ɗaya, abin da yaron ya haddace bara ya zama banza. Shi ya sa dokar NFL ta ba ƙungiya mai sabon koci damar fara atisayen bazara mako biyu kafin sauran. A ɓangaren tsaro ma haka ne, ɗan wasan da aka saya don tsarin mutum 4 a layin gaba ba lallai ya dace da tsarin mutum 3 ba.

Kuma sallamar irin wannan ɗan wasa tana da tsada. Iyakar albashi a 2024 dala miliyan 255.4 ce ga kowace ƙungiya. Kuɗin sa hannu ana biyan sa nan take, amma a lissafi ana raba shi a kan shekarun kwantaragi, har zuwa 5. Ranar da ka sallami ɗan wasan, duk ragowar sai ta faɗo maka. Denver ta ɗauki dala miliyan 85 na irin wannan mataccen kuɗi da ta sallami Russell Wilson a 2024, ta raba shi shekara biyu. Wani ƙaramin abu da za ka lura da shi: sabon manaja ba ya cika taɓa masu farauta a Janairu, yakan bari sai Mayu, don su ne suka shekara suna tattara bayanan daraf ɗin da ke tafe.

Maganar ƙaura kuma kusan kullum maganar filin wasa ce. Kuɗin talabijin ana raba shi daidai tsakanin ƙungiyoyi 32, don haka ƙungiya ba ta rasa kasonta ko ta koma ƙaramin birni. Bambancin yana wajen kuɗin da fili ke kawowa: ɗakunan alfarma, sayar da sunan fili, da tarukan da ake yi a cikinsa. Mai ƙungiya zai nemi birni ya sa kuɗin haraji a gina sabo, in birni ya ƙi sai ya fara duban wani wuri. Sai masu ƙungiyoyi 24 cikin 32 sun amince, sannan a biya kuɗin ƙaura da sauran za su raba. San Diego ta kai maganar harajin gaban masu zaɓe a Nuwamban 2016 ba ta samu karɓuwa ba, a Janairun 2017 Chargers ta tafi Los Angeles, ta yi kaka uku a wani filin ƙwallon ƙafa da bai kai kujera 30,000 ba, sau da yawa magoya bayan baƙi sun fi nata yawa. Raiders kuwa jihar Nevada ce ta sa dala miliyan 750 daga harajin ɗakunan otal, aka jefa ƙuri'a a Maris 2017, 31 suka yarda, Miami kaɗai ta ƙi, ta fara wasa a Las Vegas a 2020.

A da abin ya fi haka zafi. A Maris 1984, da Robert Irsay, mai ƙungiyar Colts, ya ga majalisar jihar Maryland na shirin ba Baltimore ikon ƙwace Colts, sai ya sa motocin kamfanin Mayflower suka kwashe kayan ƙungiyar cikin dare, ana zubar ƙanƙara, gari ya waye suna kan hanyar Indianapolis. Mutanen Cleveland sun fi samun sauƙi da Art Modell ya kwashe tasu zuwa Baltimore a 1996, domin sun yi shari'a har aka bar musu suna, launi da tarihin Browns, aka ba su sabuwar ƙungiya a 1999. Wadda kawai za ka kwana da tabbacin ba za ta motsa ba ita ce Green Bay Packers, don ba ta da mai ita guda, dubban masu hannun jari ne ke riƙe da ita.

Idan kana son ganin duka abubuwan nan a wuri guda, ka dubi Rams. Ta koma St. Louis daga Los Angeles a 1995, cikin filin da aka gina da kuɗin jama'a. A yarjejeniyar hayar akwai sharaɗin cewa dole filin ya ci gaba da kasancewa cikin kashi ɗaya bisa huɗu na mafi kyau a NFL. Birni ya kasa cika wannan, hayar ta koma ta shekara-shekara, mai ƙungiyar Stan Kroenke kuma ya riga ya sayi fili a Inglewood, kusa da Los Angeles, tun 2014. St. Louis ta gabatar da shirin sabon fili a bakin kogi, duk da haka a Janairun 2016 aka jefa ƙuri'a a Houston, 30 suka amince da ƙaurar, 2 suka ƙi. Ƙungiyar ta shiga Los Angeles da tsohon kocinta Jeff Fisher, ta ba da damar daraf masu yawa don ta zaɓi Jared Goff na farko, ta ƙare kakar da nasara 4 kacal, an kori Fisher tun a Disamba. Aka bar manaja Les Snead, aka ɗauko Sean McVay yana ɗan shekara 30, kakar da ta biyo baya suka ci wasa 11. A Fabrairun 2022 suka ci Super Bowl a cikin filin nasu na SoFi, wanda aka buɗe a 2020. St. Louis kuwa ta kai ƙara tana cewa NFL ba ta bi ƙa'idojin ƙaurar da ta rubuta da hannunta ba, kuma a Nuwamban 2021 aka sasanta a kan dala miliyan 790. Har yau birnin ba shi da ƙungiya a NFL.