Tambaya da Amsa: In Sauya Kwalaben Ampili, Sauti Zai Gyaru?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ƙanena ya kawo mini ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai aiki da kwalaben lantarki na gilashi, daga Faransa, manya huɗu EL34 da ƙanana biyu ECC83. Wani aboki ya ce in sa tsofaffin kwalaben kamfanin Mullard, wani kuma ya ce in cire manyan in sa wasu manyan kwalabe da ake kira KT88. Wa zan bi? Daga mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, barka kadai. Kada ka bi kowa tukuna, fara da ƙananan. ECC83, wadda Amurkawa ke kira 12AX7, ita ke karɓar sauti tun yana siriri ta ƙara masa ƙarfi har kusan ninki 100, shi ya sa halinta ke bin sautin har lasifika. Sauya ta ba wuya: kashe na'ura, bari ta huce, zare, soka wata. Amma ka duba lamba. ECC82 ƙafafunta ɗaya da ita, tana shiga daram, sai dai ƙarinta bai wuce ninki 20 ba.

Mullard ta Ingila an san ta da taushin murya, Telefunken ta Jamus da fitar da kowane kiɗa sarai. Dukansu an daɗe da daina ƙera na asali. Sababbin da ke kasuwa yau galibi na JJ ne daga Silobakiya, ko na masana'antar Saratob a Rasha, ko na Sin, kuma ba su da laifi. Ni kaina na taɓa zuba kuɗi a kan "Telefunken" biyu, na yi mako ina yabon su a gaban baƙi. Ranar da na juya gindinsu, babu ɗan tambarin nan mai kusurwa huɗu da ke cikin gilashi tsakanin ƙafafu. Fenti kawai na saya.

Tun daga nan nake gwaji haka. Faifai ɗaya, wanda na sani kamar yunwar cikina, mai gurmi da murya, don tsirkiya ba ta ɓoye aibi. Kowace kwalba ta yi minti 20 tana ɗumi. Ƙarar kowace ta zama daidai da ta 'yar'uwarta, domin kunne mayaudari ne, wadda ta ɗan fi ƙara ita yake zaɓa. Sannan ɗana ne ke sauyawa ina waje, in dawo ban san wadda ke ciki ba. Sau da yawa nakan kasa bambancewa, ba na jin kunyar faɗa.

Maganar KT88 kuwa, a'a, sai in takardar ampilin ta yarda. Ramin da ake soka ta ɗaya ne da na EL34, amma saitin wutar da kowace ke so daban, kuskure kuma yana iya ƙona taransifoma. Ko EL34 za ka sabunta, sayi huɗu da aka auna suka dace, ka kai wa mai gyara ya daidaita su. Kada ka buɗe ampilin ka sa hannu inda wayoyi suke: akwai wutar da ta haura bolt 400, tana nan maƙale ko an cire waya.

Da ni ne, kuɗin Mullard ɗin regilata mai kyau zan fara saya da su, don kuran ɗinmu na hawa da sauka ya fi komai cin kwalabe. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fitar da ampilin daga kabad, sa masa ƙaramar fanka a baya, in ya huce ka rufe shi da zane saboda ƙura.