Hukuncin Cin Wainar Da Ake Sayarwa A Bakin Wurin Bautar Shinto

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Fukuoka ta ƙasar Japan. Ana gab da jarrabawa abokan karatuna suka kai ni garin Dazaifu, muka sayi wainar da suke kira umegae moci a wani shago da ke kan hanyar shiga wurin bautarsu na Shinto, addinin gargajiya na Japan. Ɗayansu ya ce in ci don in samu sa'ar jarrabawa. Na ci biyu da zafinsu. Da na dawo, wani ɗan'uwa ya ce haram na ci. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, wainar kanta halal ce. Garin shinkafa ne da jan wake da sukari, a gasa a tandar ƙarfe. Babu yanka a ciki balle a tambayi wanda ya yanka.

Maganar abokin nan naka ce ta tsaya mini a rai. Wurin bautar an gina shi ne a kan kabarin Sugawara no Michizane, wani masani na fada da aka kora can a 901, ya mutu a 903, daga baya suka mayar da shi abin bautar ilimi. Shi ya sa ɗalibai ke tururuwa can lokacin jarrabawa. To, da wace zuciya ka kai loma? Idan don daɗi ne ko kara, babu komai a kanka. Idan kuwa ranka ya ɗan raya maka cewa cin zai jawo sa'a, ka tuba, domin neman albarka ne a wurin wanin Allah.

Shi kuma ɗan'uwan da ya haramta, na san hujjar masu wannan ra'ayi, wato aya ta 173 a Suratul Baƙara, wadda ta haramta abin da aka ambaci sunan wanin Allah a kansa. Amma malaman tafsiri a kan yanka suka ɗora ta. Mai shago kuwa ɗan kasuwa ne, ya gasa ya miƙa maka ya karɓi kuɗinsa, bai kai gaban abin bauta ba. An ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, game da kyautar Majusawa ranar idinsu, ta hana cin abin da aka yanka saboda ranar, ta halatta 'ya'yan itatuwansu. Idan kyautar ranar idi ta halatta, ina ga ciniki a ranar da ba ta komai ba? In sun ce kuɗinka na ƙarfafa shirka, ai Bukhari ya ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi tunkiya a hannun mushriki.

Wanda za ka guje wa shi ne osagari, abincin da aka fara gabatar wa abin bauta sannan a raba wa masu ziyara. Ko alewa ce, ka bar ta. Sauran kayan zaƙinsu kuma ka riƙa tambaya, saboda wasu ana zuba musu mirin, giyar shinkafa mai zaƙi, wasu kuma jelatin na alade.

Kada ka sayi layar jarrabawa ko da don tsaraba, kada kuma kunya ta sa ka rusuna ka tafa hannu tare da su. Ka gaya musu da fara'a cewa addininka bai yarda ba. Ɗan'uwan nan kuma ka gode masa, kishinka ne ya sa ya yi magana. Allah ya ba ka nasara a jarrabawar. Wallahu a'alam.